Rasuwar Degil, Jakar Goyon Mak Cik Zabedah

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma da ido a bushe ƙayau, Mak Cik Zabedah binti Osman ta unguwar Gelugor a Penang, tsohuwar ungozoma, tana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da duk masu hawa dutsen bayan gari rasuwar abokiyar tafiyarta, jakar goyonta, wadda aka fi sani da Degil, wato mai taurin kai. Ta rasu da safiyar Asabar ɗin da ta wuce, a mataki na ɗari huɗu da goma sha biyu na matakalar dutsen, tana bakin aiki, da shinkafa kilo goma a cikinta. Ta bar duniya tana da shekara goma sha tara.

Marigayi Pak Idrus, mijin Mak Cik, shi ya sayo ta, shi kuma ya raɗa mata suna. Ya kan ce masu taurin kai biyu ne a gidansa, amma ɗaya ce kawai take da zif da za a rufe mata baki. Shekara goma sha biyu yana goya ta zuwa rumfar da ke kan dutse, inda kowa yake shan shayi kyauta, ranar Asabar kuma a dafa faten shinkafa. Komai na rumfar nan a bayan mutane yake hawa, daga sukari har tukunyar gas. Da Allah ya yi masa rasuwa, Degil ta shekara rataye a ƙusa, Mak Cik ita ma ta shekara a kujera, ba wadda ta motsa a cikinsu. Sai da likita ta ce mata ƙasusuwanta sun fara zama kamar soso, ta riƙa tafiya da ɗan kaya a baya, sannan ta sauke jakar ta kaɗe ƙura. Da kilo biyu ta fara, tana haki tun daga gindin dutse. Yau shekararta sittin da shida, kilo goma take ɗauka, kuma ba ta neman hannun kowa.

Marigayiya jaka ce mai kirki da sanin ya kamata. Maratayanta masu faɗi ne, ba su taɓa yankar kafaɗa ba. Ta kan manne da baya kamar jinjirin da ya ƙoshi, ta riƙe kaya can sama tsakanin kafaɗu, ba ta barinsa ya zazzago yana dukan ƙugu. Ba ta lilo, ba ta tsungulin mutum. Sau biyu birai suka far mata saboda ayabar da ke aljihunta, ta fita da tabo a gefen dama amma ba ta saki ayabar ba. Abin da za a fi kewa shi ne muryarta. Maratayin hagu ya kan yi ƙiii, ƙiii da kowane taku, har Kak Letchumi mai kula da rumfa ta kan ɗora ruwan shayi tun kafin ta ga kowa. Zif ɗinta kuwa zirrr yake cewa rabin hanya, sannan ya tsaya cak, sai an lallashe shi da kyandir.

Ta yi fama da jinya shekara uku. Damina ta sa mata funfuna, gumi ya cinye mata zare. Ah Pek Chong mai gyaran takalma a bakin kasuwa ya yi mata aiki har sau uku. A na ƙarshe sai ya cire tabarau ya ce wa Mak Cik, “Kak Bedah, ni ɗinki na iya, ban iya tayar da matacce ba. Babu sauran wurin da allura za ta kama.”

Ta ce, “Kama iska ka ɗinka, Ah Pek. Ita ba ta ce ta gaji ba.”

Ya ɗinka. Ta ƙara wata takwas a duniya, shi kuma har yau yana ba da labari kamar shi ya haife ta.

Ranar da abin ya faru ba ta yi gargaɗi ba. Maratayin hagu ya yi ƙiii na ƙarshe, sai ɓas. Kaya ya karkace, Mak Cik ta zauna daɓas a kan matakala, buhun shinkafa ya fashe ya bi gangara, birai suka yi walimar da ba a gayyace su ba. Raunin da aka samu a ɓangaren mai jakar shi ne ƙujewar gwiwar hannu, wadda filasta guda ta rufe. A rubuta wannan da kyau, don an ji wasu suna ta ƙara wa miyar gishiri: jaka ce ta tsinke, ba ƙafa ba.

Marigayiya ta bar gorar ruwa guda, tsohon tawul da ake naɗe buhu da shi, sandar gora, da takalman hawa biyu waɗanda har yanzu ba su san abin da ya faru ba. Ta kuma bar Mak Cik cikin rigima, kuma a nan ne sanarwar ta zo inda ake so a kasa kunne.

Wani mai dogon baki ya buga wa Nurin waya. Nurin ita ce 'yar Mak Cik tilo, tana aiki a Kuala Lumpur, tana zaune a bene hawa na ashirin da uku, kuma ta daɗe tana so uwarta ta kulle gidan Gelugor ta koma wurinta. To, faɗuwa ta zo daidai da zama. Kafin la'asar ta iso da mota, da akwatuna biyu babu komai a ciki, da kuma tsaraba: jaka mai taya, irin wadda tsofaffi suke ja zuwa cefane. Mai furanni ma, don tsabar cin fuska!

Ta ce, “Mak, ya isa haka. A juri zuwa rafi, wata rana tulu zai fashe. Ga shi ya fashe.”

“Tulun ne ya fashe, ba mai zuwa rafin ba.”

“Ina ofis fa aka kira ni. Kin san yadda gabana ya faɗi? Irin kiran nan aka yi mini ranar rasuwar Abah. Ba zan zauna ina jiran na biyu ba. Can akwai lif, akwai asibiti a ƙasa, ko tsinke ba za ki ɗaga ba.”

“Abin da nake tsoro ke nan, 'yar nan. Ko tsinke.”

Mak Cik ba ta musa cewa yarinyar ƙauna ce ta kawo ta ba, har ta ji tausayinta ya kama ta. Amma ta taɓa yin mako biyu a benen nan, ta san abin da ke can. Taga ce, da talabijin, da maƙwabtan da ba su san sunanta ba. Ta riga ta ɗanɗana zaman kujera shekara guda, ta san yadda yake cin mutum a hankali, ba ciwo ba jini. Ta fi tsoron kujerar nan fiye da duk matakalar da ke kan dutse, kuma ta faɗa wa Nurin haka ido cikin ido.

Saboda haka ake sanar da jama'a cewa an riga an naɗa magajiya. Washegari Mak Cik ta shiga shagon kayan hawa dutse da sabon buhun shinkafa a hannu. Mai shagon ta nuna mata wata 'yar mitsitsiya mai launin alewa, wai ta fi dacewa da masu shekaru.

Mak Cik ta ce, “Wannan ta ɗaukar jan baki ce. Miƙo mini waccan ta sama.”

Jaka bakwai ta gwada, kowace sai an zuba mata buhun, ta hau matakalar shagon ta sauko. Ɗaya ta cije ta a wuya. Ɗaya tana rawa kamar ta sha wani abu. Ɗaya aljihu goma sha huɗu gare ta amma ba ta da ƙashin baya. Ta bakwai ce ta zauna daram: maratayi mai faɗi da soso a ciki, ɗamarar ƙugu da ta sauke nauyi daga kafaɗa, maɗauri a ƙirji, baya mai shan iska. Aibinta ɗaya, ba ta magana. Amma Mak Cik ta ce ita ma Degil sai da ta shekara biyar kafin ta yi baki.

Ga tsarin jana'iza. Ba za a binne marigayiya ba, don ba a barin leda a kan dutse. Za a rataye ta a ƙusa cikin rumfar shayi, kusa da hoton Pak Idrus, ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe takwas na safe. Kak Letchumi za ta dafa faten shinkafa, Ah Pek Chong zai faɗi 'yan kalmomi idan numfashinsa ya dawo. A can sama kaɗai ake karɓar gaisuwa. Ba a karɓa ta waya, ba a karɓa a gida. Jaka mai taya za a ajiye ta a gindin dutse, duk mai uzuri ya zuba uzurinsa a ciki ya koma.

Nurin kuwa an ba ta gayyata ta musamman, kuma ta amsa. Shekararta talatin da huɗu, za ta hau hannu rabbana. Uwarta za ta goya kilo goma, za su tashi tare da ƙarfe bakwai. Makullin gidan Gelugor yana cikin aljihun sabuwar jaka. Idan Nurin ta riga uwarta isa rumfa, Mak Cik za ta zaro shi da hannunta ta miƙa, ta shiga mota ba tare da ta ce uffan ba. Idan kuwa ba haka ba, akwatunan nan biyu su koma Kuala Lumpur yadda suka zo.

An ajiye wa Nurin gorar ruwan marigayiya a mataki na ɗari biyu, kan dutsen da mahaifinta ya saba zama. Idan ta kai nan ta zauna ta sha, ba abin kunya ba ne, shi ma a nan yake hutawa. In ta huce ta ɗaga kai sama. Wadda za ta hango can tana tafiya ba ta waiwaye, ita ce tsohuwar da ta zo ɗauka.