Ranar da Na Yi wa Injin Nasara Liƙin Dambu

Ba zan taɓa mantawa da ranar Larabar nan ba, ko da yake na yi shekaru ina ƙoƙarin mantawa. Lokacin Nasara bai daɗe da zama a Damagaram ba, ni kuma na baro Hamdara na samu aiki a gidan waya. Aikina zuba itace a ƙarƙashin wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe. Ruwa ya tafasa, tururi ya juya ƙafar inji, ƙafar ta juya wani abu wai shi dinamo, sai lantarki ya fito a aika saƙo. Amma a unguwar Birni, inda nake neman auren Fanna, cewa na yi ni ne mai injin baki ɗaya (Allah Ya yafe mini).

Mahaifinta, Baba Kyari, Babarbare ne mai fataucin kanwa, ba ya sayen kaya a cikin buhu. Ya ce ba zai ba ni ita ba sai ya ga aikin da idonsa.

To, tukunyar nan tana da wani ɗan bututu a ka, da zafi ya yi yawa sai ya riƙa huci. Abin ya daɗe yana cin raina. Ni da na tashi ina ganin Inna tana liƙe bakin madambaci da tsumma da garin kuka don kada tururi ya tsere, ga Nasara da duk wayonsa ya bar tukunya tana yoyo! Ranar da surukin zai zo, da Muse, Bafaranshen bakanikenmu, ya tafi cin abinci, na naɗe bututun da tsumma, na shafe da laka, na ɗaure tamau da igiyar kaba.

Baba Kyari ya iso da babbar rigarsa fara tas. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙe na shiga tura itace kamar ba gobe. Inji ya ɗau gudu, ƙasa tana rawa.

Ya ce, "Yaro, haka yake kuka kullum?"

Na ce, "A'a, Baba, yau na yi masa ɗan gyara ne."

Ban rufe baki ba sai ji muka yi fam! Igiya ta tsinke, laka ta tashi, tururi ya cika ɗakin. Wallahi ban san lokacin da na bangaje surukin da nake nema ba. Na tsallake shi yana ƙasa, na haure katangar da ko akuya ba ta haurawa, sai ga ni tsundum a ramin ruwan inji, ina kiran Inna da ƙarfi (ƙato da ni, har da gemu).

Da aka tsamo ni, Muse yana ta zazzaga Faransanci, tafinta ya taƙaita mini: an kore ni. Baba Kyari na tsaye, rigarsa duk laka, rawani a hannu. Kunya ta sa na so a mayar da ni ramin. Na ce shi ke nan, Fanna ta tafi.

Kwana uku sai ga saƙonsa wurin kawuna: "Na ba shi. Mai irin wannan gudun, ƴata ba za ta yi takaba da wuri ba."

Har jikokina Madambaci suke kirana. Ni dai na ɗauki darasi: duk abin da ka ga yana huci, bar shi ya yi hucinsa. Shekara arba'in ke nan Fanna tana yi, ban taɓa ɗauko tsumma ba.