Yadda Za Ki Kare Sirrin Jama'a Ba Tare da Umma Ta Gane Aikinki Ba

Ke matashiya mai fafutukar hana kamfanonin fasaha wasa da bayanan mutane, matso kusa. In kika bi matakan nan, na yi miki alkawari cikin wata uku za a san ki a kowane ɗakin taro, a gida kuwa babu wanda zai san me kike yi.

1. Ki iya manyan kalmomi

Kada ki kuskura ki ce "suna kwashe hotunan mutane suna sayarwa." Wannan kowa zai gane, kuma abin da kowa ya gane ba a gayyatar mutum otal a kansa. Ki ce "tsarin sarrafa bayanai bisa ɗa'a," sannan ki kurɓi ruwan roba.

2. Ki shirya taron kare sirri

A bakin ƙofa ki ajiye takarda, kowa ya rubuta suna, lambar waya da unguwa. Bayan an tashi ki ɗauki hotonta ki tura guruf mai mutum ɗari biyu, don shugabarku ta san an yi aiki.

3. Ki gajarta wa Umma

In mahaifiyarki ta ce, "Wai ke aikin me kike yi ne?" ki ce, "Umma, ba za ki gane ba." Za ta shaida wa maƙwabta gyaran waya kike yi. Ki karɓi wayoyin kawai, ai lada ne.

4. Kada ki tambayi asalin bokiti

Wata rana za ki tarar da sabon shuɗin bokiti a tsakar gida. Umma za ta ce wasu ma'aikata masu riga iri ɗaya ne suka zo kasuwa, suka ɗauki hoton fuskarta, ta dangwala yatsa, suka ba ta. Ki ce "to" idonki a kan waya. Ai kina da uzuri, jawabin da za ki yi jibi a kan kamfanin da ya turo su kike rubutawa.

5. Ki dake a gaban kwamiti

Jibin 'yan majalisa za su saurari dokar kare bayanan jama'a da kika shekara biyu kina bi. Lauyan kamfanin zai haska allo ya ce, "Ga ɗaya daga cikin waɗanda suka amince da bakinsu." Umma ce, rungume da bokiti, tana murmushi. Kunya za ta rufe ki, za a ɗage zaman, dokar kuma ta fara tangal-tangal. Ki yi kamar ba ki san matar ba.

A nan wata ɗalibata da hakan ya faru da ita ta ba ni kunya. Gida ta koma, ta zauna a tabarma, ta yi wa uwarta bayani dalla-dalla. Uwar ta ce, "Au, fuskata suka saya da bokiti? Ke kuma kin sani, kika gaya wa duniya, kika bar ni?"

A zama na gaba mata arba'in suka shigo, suka jera shuɗayen bokitai a gaban lauyan. Uwar ta ce, "Ga kayanku, a ba mu fuskokinmu." Ba ta faɗi babbar kalma ko ɗaya ba, kuma a ranar kwamiti ya amince da dokar.

Gargaɗi

In kika zauna a tabarmar nan, babu ruwana da abin da ya biyo baya. Ɗalibar tawa har yau in an gayyace ta taro, a ƙasan takardar sai an rubuta: "Don Allah a taho da Umma."