Yadda Za Ka Nuna wa Kawun Budurwarka Fegge Ta Fi Ko'ina

Matakai biyar ne, kuma na yi maka alkawarin ba za su ba ka kunya ba. Su ne Muntaka mai albasa ya bi a unguwar Fegge ta Onitsha, lokacin da aka turo Kawu Awwalu daga Funtuwa ya duba inda za a ajiye budurwarsa Ramlatu. Ga kuma wasu manema biyu suna jira, ɗaya a Enugu, ɗaya a Fatakwal.

1. Rage jama'a. Baƙo da takalman ƙofar ɗaki yake ƙidaya mutane. Ku bakwai ne a ɗaki ɗaya? Tattara shida da katifunsu, su koma masallaci. Bar silifas ƙafa ɗaya.

2. Auna arziki da ƙwai. Kai shi wurin mai shayi, ka ɗaga murya: "A fasa wa Kawu huɗu." Sannan ka rage murya, ka ce a Coal Camp ta Enugu ƙwai ɗaya mutum biyu ke rabawa, wani lokacin har da dambe.

3. Ɓata gidajen wasu. Faɗa masa a Diobu ta Fatakwal in mutum ya miƙe ƙafa sai ta faɗa ɗakin maƙwabci. Ba sai ka taɓa zuwa ba. Muntaka ko tashar motar Fatakwal bai sani ba, amma har rantsuwa ya yi.

4. Kar ruwa ya tsorata ka. In an yi sama layinku ya cika har gwiwa, ɗora Kawu a okada. Muntaka cewa ya yi, "Ai Kawu, a duniya masu hali ne ke zama bakin ruwa."

5. Karɓi sakamako. Ran kwana na uku Kawu ya shafa gemu. "Ɗana, mun ba ka Ramlatu. Amma gaskiya unguwar nan ta shiga raina. Tunda ɗakin ya yi maka yawa, zan sa a aiko min kayana, ni ma in taɓa albasar nan."

Muntaka dai ya ce, "Ai gidanka ne, Kawu."

An ɗaura aure wata takwas ke nan. Amarya tana Funtuwa tana jiran ɗaki, Kawu kuwa har ya yi ƙiba.

Gargaɗi: Ni shawara na bayar, ban haya ɗaki. Duk wanda kawu ya tare a gidansa, kar ya nemo ni.