'Yar Amshin Kawu

Na ji cewa tsoffin mawaƙan kiɗan rok na Turai kan ɗauki sauti inda akwai amsa-kuwwa, sai na ga ni ma na isa. Kawuna mai gurmi, da tsufa ya fara cin muryarsa, yana son bar wa jikoki waƙa. Na hana shi zuwa situdiyona a Mafara, na cusa makirfo cikin tsohon rumbunsa a Tsibiri, ko leƙawa ban yi ba.

Na ce, "Kawu, yau za ka ga ilimi."

Ashe kaza na kwanci a ciki. Kowane baiti ya ja, sai ta amsa.

Kawu ya saurara, ya share hawaye. "Bar ta, ɗana. Tun rasuwar matata, Innarka, ba wanda ya yi min amshi."

Har yau jikokinsa Furodusan Kaza suke kirana.