Alhaji Na-Leda da Motarsa Mai Son Gaisuwa

Duk faɗin Fagge, kai har ka tsallaka Sabon Gari, ba a taɓa yin mai zumunci irin Alhaji Abdulgani ba. Ni da na tsufa a ƙofar gida ina kallon masu kuɗi suna wucewa gilas a rufe, sai ga shi Allah ya nuna mini attajirin da zai tsayar da motarsa a tsakiyar shataletalen Bata, rana tsaka, ya fito ya gaisa da mai rake. Ya tambaye shi gida, ya tambaye shi yara, ya tambaye shi damina a ƙauyensu. Motoci a baya suna ta danna hon, shi ko a jikinsa. Irin wannan tawali'u sai an tona. Shi dai a kamfanin motoci ya sayo nasa.

Alhaji dillalin tayil ne a Sabon Gari. Da kasuwa ta yi masa murmushi sai ya fizgo mota sabuwa dal, baƙa wuluk, ya kafa dokar cewa ba mai cire ledar kujerunta. Duk wanda ya rage wa hanya sai ya sauka riga manne da baya. Daga nan ya sami sarautar Na-Leda, ba tare da an naɗa masa rawani ba.

Motar halinta ɗaya ne. Da ta ji zafin cunkoso sai ta yi tari ta mutu, ba ta tashi sai ta huce. Ranar da ta fara, a Titin Ibrahim Taiwo, da wani ne sai ya buɗe bonet. Alhaji kuwa hula ya gyara, ya fito yana miƙa wa jama'a hannu.

"Mu manya," in ji shi, "idan Allah ya ɗaga mu ba ma wuce talaka. Injin nan na zamani ne, ya san inda jama'ata suke."

Jama'a suka ce Allah ya ƙara arziki. Motar ta huce, aka tafi.

Kada ku ce bai taɓa kai ta gyara ba. Ya kai ta kamfanin, an lulluɓe ta da tamfol kamar gawa, ya gaya wa 'yan kasuwa wai aron ta suka yi su nuna wa baƙi. Aka taɓa ta, ta dawo, ta ci gaba da zumunci daga inda ta tsaya.

Maƙwabciyar shagonsa, Madam Obiageli mai labule, haifaffiyar Sabon Gari ce, Hausa a bakinta kamar ta kakata. Ita ma irin motar ta saya a kamfanin, ciwon kuma iri ɗaya. Amma ita ba ta da tarbiyyar manya. Motar na mutuwa sai ta mayar musu da ita ta zauna a ofishinsu tana faɗa. Da gyara ya ƙi, ta kai ƙara wurin masu kare haƙƙin mai saye.

"Alhaji, doka ce fa," ta ce masa. "Ka sayi sabon abu, aka gyara, ciwon ya dawo, to ko su canza maka ko su ba ka kuɗinka. Amma sai ka buɗe baki kafin garantinka ya ƙare. Ko so kake ka gaisa da Kano kaf?"

"Madam," in ji Na-Leda, yana kaɗe hannun riga, "mayar da kaya aikin masu sayen tumatir ne. Ni ko allura ban taɓa mayarwa ba."

Ana nan sai ga Madam ta faka wata sabuwa fil a gaban shagonsa, an canza mata. Ledar kujerunta tana ƙyalli har tana kashe ido. Tasa kuwa ta yi ruwan ɗorawa, an ɗinke ta da salatif ta ko'ina. Mutuwar inji Alhaji ya jure ta da imani. Amma a ce ledar mai labule ta fi tasa sabunta? Ranar ko tuwo bai wuce masa ba. Washegari ya shigar da ƙara, garanti yana gab da cika.

Ranar zama ya sha babbar riga, ya gayyato 'yan layinsu na kasuwa, da masu shagunan Bata, har da mai rake, su zo su ga yadda ake ladabtar da kamfani. Ofis ya cika, wasu suna leƙe ta taga.

Jami'ar da ke sauraron ƙarar ta ce, "Alhaji, abu ɗaya muke so ka faɗa da bakinka. Mene ne lahanin motar?"

Kafin ya amsa, manajan kamfanin, wani siriri mai bakin zuma, ya rusuna. "Ranka ya daɗe, mu ma abin ya ɗaure mana kai. Duk gari an san kai kake tsayar da ita don zumunci. Ko dai mutuwa take yi ne?"

Madam Obiageli tana yi masa alama da ido, faɗi mana. Mai rake ya zuba masa ido, mutumin da ya gama gaya wa ƙauyensu cewa yana da aboki attajiri. Kalma ɗaya ce tsakanin Alhaji da sabuwar mota, leda da komai.

Ya yi gyaran murya. "Mutuwa? Motata? Hajiya, a rubuta: lafiyarta ƙalau. Na zo ne a matsayina na babba, in ja kunnen yaran nan a kan motocin da suke sayar wa ƙananan 'yan kasuwa irin su Madam."

Aka rubuta kuwa. 'Yan rakiya suka yi kabbara, manaja ya fi kowa ɗaga murya. Garanti ya cika ya wuce abinsa, bai tsaya gaisawa da kowa ba.

Shekaranjiya zumunci ya kawo Alhaji ƙofar gidana. Na ji tarin motar tun daga kwanar layinmu, na shimfiɗa tabarma. Ya gaishe ni, ya sake gaishe ni, ya tambayi awakina ɗaya bayan ɗaya. Da gaisuwa ta ƙare motar ba ta huce ba, sai ya ce, "Inna, ya jikin maigidan?"

Na ce, "Alhaji, ai da kai aka kai shi makabarta."

Ya ce Allah ya ji ƙansa, ya fara ta'aziyya daga farko.

Yanzu dai duk mai son Alhaji ya gaishe shi, ya tsaya inda cunkoso ya fi yawa. Amma ya ci ya ƙoshi kafin ya zo, domin bayan gaisuwar akwai turi.