Mangwaron Darakta Mai Yawon Gari

Wani Daraktan kula da daji ne a wata ƙaramar hukuma ya sayar wa masu gawayi gandun daji kaf, tirela-tirela aka kwashe, ko inuwar da akuya za ta fake ba a bari ba. Da surutu ya yi yawa sai ya ƙirƙiro bikin dashen bishiyoyi, ƙauye bayan ƙauye, da makaɗa da mai hoto. Ranar da aka zo Tungar Marke, Hansai amarya tana cikin mata, satinta uku da tarewa, lallen ƙafarta ma bai gama goguwa ba. Ita dai ba taron take kallo ba, angonta Sallau take leƙe ta gefen gyale, don shi mai gari ya zaɓa ya yi gadin dashen.

Direba ya buɗe but ɗin mota ya ciro ɗan mangwaro ƙwaya ɗaya tal. Darakta ya naɗe hannun babbar riga, ya durƙusa, aka ɗauki hoto ta gaba, aka ɗauka ta gefe, sannan ya miƙe ya nuna Sallau da yatsa.

"Amana ce wannan. In ta ɓata, kai za mu rufe."

Hansai ta tuna, a garinsu ma haka aka ce wa yayanta. Washegarin bikin dashen aka tarar da rami babu komai, sai da ya kwana uku a caji ofis. Ta matso ta ƙura wa dashen ido. Can ƙasan reshe sai ga wani shuɗin zare! Ragowar zaren hular da ta ɗinka wa Sallau ne, ita ta ɗaura shi da hannunta ranar bikin dashen garinsu, tana raya wa ranta wata rana su biyu za su zauna a inuwar.

Dariya ta ƙwace mata har da riƙe ciki, ta rangaɗa guɗa.

Darakta ya washe baki. "Amarya, murnar ci gaba ce haka?"

"Ranka ya daɗe, 'yar garinmu na gani! Sannu da hanya, 'yar uwa, kin rame."

"Wace ce 'yar garin naku?"

"Ga ta nan ka dasa. Ga ma zarena a jikinta. Ni tarewata ɗaya, ita kuwa Allah kaɗai ya san gida na nawa ke nan."

Mata suka kwashe da shewa, mai kalangu ya kasa ci gaba da kiɗa, direba ya sulale ya rufe but a hankali. Darakta ya haɗe rai.

"Ke yarinya, ki iya bakinki! A ina kika taɓa ganin bishiya ta yi tafiya?"

Hansai ta russuna, ta gyara gyalenta.

"Wallahi da mu ma haka muka zata, ranka ya daɗe, sai da muka ga dajinmu gaba ɗaya ya hau tirela ya tafi birni."