Yadda Ake Saita Shokozobar Gaba Ba Tare Da An Taɓa Zancen Tumbi Ba

Idan kai ne mai babur ɗin dajin nan da gabansa ke durƙusawa duk sanda ya hango rami, share hawayenka, ka iso wurin masani. Bi matakan nan sau da ƙafa, na yi maka alkawari shokozobar za ta zauna daidai wa daida. Daidai da wa? Za mu zo nan.

Mataki na 1: Nemo mai laifi

A da babur ɗin nan tsallake kwazazzabo yake da kai kamar barewa. Yanzu kana ɗora masa jiki ƙafafun gaba su nutse har da nishi. Me ya canja? Babur, mana. Ƙarfe na gajiya, mai na tsufa, kayan yanzu duk algus ne. Kada ka kalli ƙasa, ko ka kalla ma tumbi ba zai bar ka ka ga komai ba. Wandon hawa da ya daina rufuwa kuwa, wanki ne ya tsuke shi.

Mataki na 2: Tuna abin da ka faɗa da bakinka

Faɗuwarka ta ƙarshe, maiɗakinka tana gasa maka kafaɗa da ruwan zafi ta ce, "Baban yara, wallahi ka sake faɗuwa a kan abin nan, ƙanina zan ba makullin. Na gaji da jinyar ƙato."

Kai kuma, a gaban yara, ka buga ƙirji: "Na yarda. In na ƙara faɗuwa, ya zo ya ɗauka."

Magana zarar bunu ce. Tun ranar ƙanin nata, wanda kowa ke kira Tsinke don rashin ƙiba, kullum sai ya zo gaishe ku, kuma kullum sai ya goge babur ɗin da hannun rigarsa kafin ya tafi. Ba ƙaunarka ce ke kawo shi ba.

Mataki na 3: Awo

Masu yi don Allah suna ɗaga tayar gaba sama su auna tsawon shokozoba, sannan mai babur ya hau da kayan hawansa, ƙafa biyu a kan mataki, a sake aunawa. Bambancin shi ke nuna yadda nauyin mutum ke danne ta. Ka ga kenan awon nan tonon asiri ne.

Kira Tsinke ya riƙe tef, tunda ga shi nan a tsakar gida. Tsayar da babur kusa da bango, ka hau. Da ya sunkuya ta dama, kai ka kafa yatsun ƙafar hagu a ƙasa, ka tokare bango da gwiwar hannu, ka haɗiye ciki.

"Yaya, ɗaga ɗayar ƙafar."

"A sama take."

"To ya aka yi bai nutse ba?"

"Ƙashina ba nauyi. Gado ne."

Idan ya yi murmushi bai ja zancen ba, kada ka tambayi kanka dalili.

Mataki na 4: Sayen sifirin

A cikin kowace ƙafar shokozoba akwai sifirin, shi ke ɗaukar nauyi, kuma da nauyin mahayi ake zaɓarsa. Mai shagon kayan babur zai tambaye ka, "Maigida, kilo nawa kake?" Ba shi na zamanin da kake zuwa zance. Ai naka ne, ba na wani ka ara ba. Idan ya dube ka sama da ƙasa ya ɗauko mai kauri ya ce, "Wannan na masu jiki ne," ka tambaye shi ko shagon babur ka shigo ko asibiti. Ɗauki mai laushin ka fito da mutuncinka.

Mataki na 5: Ƙananan sukurori

A saman kowace ƙafa akwai ɗan sukuru mai yin ƙas-ƙas in an murɗa. Saurin nutsewa da dawowa kawai yake gyarawa, ba ya rage wa kowa tumbi. Jira sai maƙwabta sun taru, ka kara kunne kamar likita, ka murɗa dama, ka murɗa hagu, ka mayar da shi inda ka same shi. Wannan matakin na maƙwabta ne.

Mataki na 6: Kawar da shaida

Wasu na ɗaura 'yar roba a bututun shokozoba mai sheƙin nan don su ga iyakar inda shokozoba ke nutsewa. Ɗaura, ka taka birki a ƙofar gida. Za ka tarar an tura ta har ƙarshen bututun. Yanke ta ka jefar. Robar yanzu ma ba ta da tarbiyya.

Mataki na 7: Gwaji a daji

Fita da abokan hawa, ka shige gaba, don jagora ba ya bin ƙurar kowa. Tsinke zai biyo ku a bayan babur ɗin wani, wai kallo. Ga kwazazzabon nan da ka saba. Murɗa wuta. Gaba zai nutse ya bugi ƙarshe, gum, baya ya tashi, kai kuma ka riga babur isa ɗaya gefen. A ƙa'ida ka tsallake.

Kana tofar da ƙasa ka ce, "Don Allah maganar nan ta tsaya a nan." Kowa zai rantse. Tsinke ma zai rantse, yana mayar da waya aljihu, don hoton ya riga ya isa wurin yayarsa.

Mataki na 8: Miƙa makulli

Ba sai ka wahala ba, maiɗakinka za ta ciro shi daga ƙusa da kanta. Kai dai zauna a kujera, hannu a rataye, ka kalli Tsinke yana zagaya layi, yana bi ta kan kwata da tudu, babur na lilo a ƙarƙashinsa lafiya lau kamar yadda yake yi maka a da. Wannan zai fi kafaɗar ciwo, ba zan ɓoye maka ba.

Zai dawo ya kashe inji, ya danna gaban babur ya sake shi. "Yaya, wane gwani ne ya saita wannan? Wallahi kamar jikina aka auna."

Ce masa, "Ni ne." Tun Mataki na 1, ita ce gaskiyar farko da ta fito daga bakinka.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ruwansa da kafaɗa, haƙori, makulli ko dariyar surukai. Shokozoba daidai na yi alkawari, ga ta can tana yawo da Tsinke. Mai ƙorafi ƙofata a buɗe take, amma akwai sikeli a bakinta, kuma ba bango kusa.